Kafin ka biya kuɗin jardan, shiga ka ƙirga ƙofofi



Rantire ta ƙarato. Duk titin da ka bi a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai sai ka ci karo da allon wata makarantar jardan: an shafe bango da fenti, an zana giwa da raƙumin dawa, an rubuta alƙawura da manyan baƙaƙe. Teloli ba su barci saboda ɗinkin teni, ƴan tebur sun baje sak da ardwaz, iyaye kuma na ta buga lissafi. In ka saurari hirar da ake yi a fada ko a gidan suna, tambaya biyu ce ke yawo: nawa ake biya, kuma yaro na fitowa da Faransanci?

A ganina waɗannan tambayoyi biyu daga ƙarshe ya kamata su zo. Yaron da ake kaiwa jardan ɗan shekara 3 ne, ko 4, ko 5. Bai iya tsallaka titi ba, bai san inda zai nufa ba in wani abu ya taso, kuma in an cuce shi sau da yawa bai san yadda zai faɗa ba. Duk wanda zai miƙa irin wannan yaro ga wasu mutane daga safe har azahar, dole ne ya taka da ƙafarsa ya shiga wurin ya duba kafin ya zaro ko dala. Gani ya kori ji.

Na san da yawa cikin masu bin wannan shafi ba su yi aure ba tukuna. Duk da haka maganar taku ce. Ku ne yayye, ku ne kawunnai da gwaggwanni, ku ake aika da kuɗin rajista, ku ne kuka iya karanta takardar da diraktar zai miƙo. To ga abin da ya kamata mu duba, mu kuma faɗa ma iyayenmu da maƙwabta.

ƘOFA DA RUFI

Ranar Talata 13 ga Afrilu 2021 wuta ta tashi a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a Yamai. Azuzuwan zana, waɗanda muke ce ma payot, suka kama ɗaya bayan ɗaya. Yara aƙalla 20 suka rasu, mafi yawansu ƴan jardan. Kamar yadda aka ruwaito a lokacin, wutar ta faro ne ta wajen ƙofar shiga, babu wata hanyar fita, manyan yara suka haura katanga, ƙanana kuwa ba su iya ba. Ba a cika wata bakwai ba, ranar Litinin 8 ga Nuwamba, irin wannan musiba ta afka ma Maraɗi: yara 26 masu shekara 5 zuwa 6 suka rasa rayukansu cikin azuzuwan zana. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Bayan gobarar Maraɗi majalisar ministoci ta hana a zaunar da ƴan jardan cikin ajin zana a duk faɗin ƙasa. A lokacin hukuma da kanta ta ce azuzuwan zana a Nijar sun kai wajen 36,000. Ku riƙe wannan hani da kyau, don makami ne a hannun iyaye. Wanda ya tarar da ɗansa ɗan shekara 4 a ƙarƙashin zana, in ya yi magana ba alfarma yake roƙo ba; shawarar da hukuma ta yanke yake tunatarwa.

Kada kuma ginin siminti ya ruɗe mu. Akwai ɗakin bulo da ya fi rumfa haɗari: ƙofa ɗaya ƴar siririya, tagogi duk an dasa masu ƙarfe, yara cunkus a ciki, babbar ƙofar gidan kuma an garƙame da kwaɗo, gardi ya tafi da makulli ya sayo shayi. Saboda haka ka ƙirga ƙofofi. Ka tambaya wa ke riƙe da makulli in yara suna ciki. Ka ɗaga kai ka dubi wayoyin kuran. Ka duba ko masu tuyar ƙosai da fanke na hura wuta kusa da zana ko tarin ciyawa, musamman da yake iskar hunturu na nan tafe. Ka tambayi madam: in wuta ta tashi yau, ta ina za ki fitar da yaran, kuma kun taɓa gwadawa? Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce. Tana rubuce a bango?

Sai kuma bango. Damanar 2024 ta yi ɓarnar da ta sa gwamnati ta ɗage komawa lakwal har zuwa 28 ga Oktoba, kuma a wannan damana ce tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Ginin da ya sha ruwan Agusta da Satumba yana iya tsayawa kamar lafiya lau alhali gindinsa ya jiƙe. Ka zagaya bayan ajin ka duba tsagewa, ka duba ko akwai rijiya a buɗe ko ramin da ruwa ya kwanta.

RUWA, MAKEWAYI, INUWA

Akwai wata dabara mai sauƙi. In ka shiga makarantar, ka tsuguna har idonka ya yi daidai da idon yaro ɗan shekara 4, ka dubi wurin daga nan. Randar ruwa, hannunsa na kaiwa? Moɗa ɗaya ce duk aji ke tsomawa? Akwai sabulu da wurin wanke hannu, ko sai ranar da baƙi za su zo? A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a garuruwanmu, a ina yara ke zama in an fito rekre? Ƙaramin yaro ya fi babba saurin bushewar jiki, kuma in wasa ya yi daɗi ba ya tuna ƙishirwa sai an tuna masa.

Ka ce a nuna maka makewayi. Kada ka ji kunya, nan ne ake gane gaskiyar makaranta. Ramin da aka yi don manya, ɗan shekara 3 na iya zurma ƙafa a ciki, shi ya sa wasu yara ke matse fitsari har a tashi, wasu su saki a wando a yi masu dariya. Ka tambaya wa ke raka yaro in zai zagaya, mace ce ko namiji, kuma ana barin ƙofar waje a buɗe kowa na shiga?

A nan akwai maganar da ba mu son yi a gidajenmu, amma dole a yi ta. Kafin yaro ya fara fita daga gida kullum, mace ko namiji, a koya masa cewa akwai sassan jikinsa da ba wanda zai taɓa, ko malami ne, ko gardi, ko direba, ko ɗan uwa. A koya masa cewa in wani ya ba shi alewa ya ce kada ya faɗa a gida, wannan ne abin da zai fara faɗa. In kuma ya faɗa, a saurare shi, kada a rufe masa baki da "yi shiru, ba a faɗin haka". Yaron da aka tsawata ma sau ɗaya ba zai sake kawo magana ba.

BULALA

Ka dubi teburin madam da lungun aji. In ka ga tsumagiya, ko guntun tiyo, ko bel ɗin mashin, ka san abin da ake yi da shi. Ka kuma lura da yaran da kansu: in baƙo ya shigo suna leƙe suna murmushi, ko kuwa sun yi tsit kamar an zare masu rai? Ajin jardan da ba a jin motsin kowa abin tsoro ne.

Na san amsar da za a ba ni: mu ma an duke mu, ga mu mun zama mutane, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne. Amma duk wanda ya taɓa tanƙwara ɗanyen icce ya san da sannu ake yi, in ka sa ƙarfi karyewa yake. Mu da muka kai jami'a muna ƙirga kanmu, muna mantawa da abokan da muka fara CI tare, waɗanda tsoron bulalar mushe ya sa suka riƙa laɓewa a kasuwa har suka bar lakwal gaba ɗaya. Yaron da ke cikin tsoro hankalinsa na kan hannun malami, ba ya kan allo. Abin da ya fi muni, jardan ne wurin da yake fara yanke hukunci a ransa ko makaranta wurin daɗi ce ko wurin azaba, kuma wannan hukunci na bin sa shekaru. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare haƙƙin yara tun 1990. Tarbiyya wajibi ce, tsawatarwa na da wurinta, amma ɗan shekara 4 da bai iya rubuta harafi ba bai yi laifin komai ba.

Ka kuma ƙirga kawuna. Mace ɗaya, komai haƙurinta, ba ta iya kula da ƙananan yara sittin: wannan na kuka, wancan ya zubar da kunu, wata na son makewayi. Sau da yawa cunkoso ne ke haifar da bulala. Ka tambaya yara nawa ne a aji, manya nawa ke tare da su, kuma madam ɗin ta samu horo kan ƙananan yara ko kuwa ɗiyar mai makarantar ce da ta rasa aikin yi. In makarantar kuɗi ce, ka nemi ganin takardar izinin buɗewa daga ma'aikatar ilimi. Wanda ke da ita ba ya jin haushin nunawa.

MAGANAR FARANSANCI

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ɗaukar hankalin iyaye. Yaro ya dawo gida ya tsaya ƙiƙam, ya harɗe hannu, ya zubo wata hadda da Faransanci, gida ya ɗauki tafi, a ɗauki bidiyo a tura a WhatsApp. Ka tambaye shi ma'anar kalma ɗaya a ciki, sai ya zuba maka ido. Wannan karatun aku ne, kuma masu makarantu sun san shi muke saye, shi ya sa suke sayar mana da shi.

Ba ina cewa Faransanci ba ya da amfani ba. Da shi ake jarrabawa, da shi ake cike takardu, kuma duk uban da ke son ɗansa ya iya shi yana da gaskiya. Maganar ita ce ta wace hanya ake isa can. Karatu na tsayawa ne a kan abin da yaro ya riga ya fahimta. Wanda ya saba sauraron labari har ƙarshe, ya iya maimaita shi bi da bi, ya san kalmomi da yawa, ya iya jin cewa "kaza" da "kare" da sauti ɗaya suka fara, ya riga ya yi rabin aikin koyon karatu, kuma a harshen da yake mafarki da shi ne yake wannan aiki. In ginshiƙin nan ya kafu, harshe na biyu na hawa kansa cikin sauƙi. In babu shi, sai a yi ta ɗora hadda a kan hadda.

Sakamakon muna ganinsa. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na yaran Nijar da ke ƙarshen firamare ba su kai mizanin da ake bukata a karatu ba. Na 2019 ya nuna an samu ci gaba, amma har a lokacin mafi yawansu na ƙasa da mizanin. Dalilan na da yawa: cunkoso, ƙarancin littattafai, yajin aiki, yunwa. Amma fara ma yaro karatu da harshen da bai taɓa ji ba na cikin manyansu. Kuma ba yau muka san haka ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara koyarwa da Hausa kafin a shigo da Faransanci, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu harsunan ƙasa, kuma awon da aka yi ma irin waɗannan makarantu ya nuna yaransu ba su baya ga takwarorinsu, har a Faransancin kansa.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Rubutu a takarda ba ya canza abin da ke faruwa a aji muddin mu iyaye muna jin kunyar a yi ma ƴaƴanmu tatsuniya da harshenmu a makaranta. Wannan haƙƙi kuma ba na Bahaushe kaɗai ba ne. Yaron da ya tashi da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Buzanci shi ma ya cancanci madam da za ta gane shi in ya ce cikinsa na ciwo. Saboda haka ka tambaya: in yaro ya yi magana da harshen gida, ana amsa masa ko ana hukunta shi?

Haka zancen wasa. Wasu iyaye in suka ga yara na gini da laka, suna jera duwatsu, suna waƙa da tafi, sai su ce kuɗinsu ya tafi a banza. Wallahi nan ne kuɗin ke aiki. Yatsun da suka murza laka suka zura ƙwalli a zare su ne za su riƙe bik gobe. Mai raba ƴaƴan dabino tsakanin abokai uku lissafi yake. Mai jiran layinsa ya zo a wasa yana koyon haƙurin da zai zauna da shi a aji. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, a shawarwarinta na 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 na bukatar aƙalla awa 3 na motsa jiki a yini. Makarantar da ke dasa irin wannan yaro a benci tun safe yana kwafar allo, ta kuma haɗo shi da aikin gida a kaye, ta mayar da jardan ƙaramin CI, alhali lokacin CI na nan zuwa.

ABIN DA KE WUYAN GIDA

Ba duka nauyin ke kan makaranta ba. Ga namu.

Takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwar yaro. In wa'adin ya wuce sai an bi ta kotu a karɓo jijma. Kada a jira sai jarrabawa ta zo a fara guje-guje, kada kuma a rage ko a ƙara ma yaro shekaru don a tura shi aji da wuri. A duba yadda aka rubuta sunansa da na mahaifansa, don kuskuren harafi ɗaya yau na iya zama wahalar shekaru gobe.

Karnen likita. A buɗe shi a ga ko allurai sun cika, musamman ta dusa, wadda ake yi sau biyu. Wurin da yara suka taru nan cuta ke yawo, kuma yankinmu ya san dusa, ya san sanƙarau. Rantire na faɗowa ne daidai lokacin da masassarar cizon sauro ke kan ganiyarta, don haka a ci gaba da kwana cikin gidan sauro, a kuma cika maganin rigakafin da ake rabawa ƴan ƙasa da shekara 5 wata-wata a lokacin damana. Yaro mai zafin jiki CSI za a kai shi, ba aji ba. In yana da sikila, asma, farfaɗiya ko wani abincin da jikinsa ba ya so, a faɗa ma madam tun ranar farko. Ɓoyewa ba ta kare shi. Wanda kuma ake kira bai waiwayo ba, ko yake matso da abu dab da idonsa, a kai a duba kunne da ido kafin a laƙaba masa sunan daƙiƙi.

Barci da abinci. OMS ta ce yaro mai waɗannan shekaru na bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya. Mu dubi gidajenmu da gaskiya: yaro na manne da wayar yayarsa har sha ɗayan dare, a tashe shi da asuba, jardan da safe, makarantar allo da yamma, wani har da ta dare. Karatun addini abu ne da muke so ma ƴaƴanmu, amma a tsara lokacin yadda jikinsa zai ɗauka. Kada ya fita da ciki wayam. Koko da ƙosai, kunun gyaɗa, fura, dafaffen ƙwai ko ɗan wake sun fi biskit da ruwan zaƙi na leda da muke cusa masu a sak don a ga mun waye. A ba shi gorar ruwansa.

Kukan farko. Yawancin yara na kuka a kwanakin farko, ba wani abin tashin hankali ba ne. A kai shi ya ga wurin kafin ranar, ya san sunan madam. A daina yi masa barazana da "bari a kai ka lakwal su gyara ka". Ranar da aka kai shi, kada a sulale a gudu in ya juya baya. A yi masa sallama, a ce za a dawo bayan azahar, a kuma dawo a kan lokaci. Amma in an yi makonni yana firgita da dare, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko yana ƙanƙame ƙofa in an ambaci sunan wani mutum, a je a bincika.

Hanya. Muna gani kullum: kabu-kabu ɗaya, yara huɗu, ƙaramin na gaba a kan tanki yana gyangyaɗi. A san wanda ke kai yaro da wanda ke ɗauko shi, a ba makaranta sunayensu da lambar waya, a kuma ce kada a miƙa shi ga kowa bayan su. A koya masa cikakken sunansa, sunan mahaifinsa da unguwarsu. Ku kuma maza, wannan duka ba aikin uwa kaɗai ba ne. Uban da ya san farashin teni amma bai san fuskar madam ɗin ɗiyarsa ba, da sauran aiki a gabansa.

"AI TALAKA BA YA DA ZAƁI"

Wani zai ce: duk wannan zancen masu kuɗi ne. Ni jardan ɗaya ce a unguwarmu, ta gwamnati, da ƙyar ma na samu wuri. In na tsaya ƙirga ƙofofi wani zai karɓe gurbin. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce babbar matsalar. Dokar tsarin ilimi ta 1998, LOSEN, ta sanya jardan cikin matakan ilimin ƙasa, amma har yau mafi yawan yaran Nijar ba su taɓa taka ƙofarta ba, musamman a karkara. Mai hali na sayen aminci da kuɗinsa, marar hali na karɓar abin da ya samu.

To amma rashin zaɓi ba ya nufin rufe ido. In ba ka iya canza makaranta, kana iya sa hannu a gyara wadda kake da ita, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makarantun gwamnati na da kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, akwai ƙungiyar iyayen yara, akwai ta iyaye mata, AME. Mu nawa ne muka taɓa zuwa taronsu? Mu nawa muka taɓa tambayar inda kuɗin da ake tarawa ke tafiya? Yawancin abin da na lissafa ba ya bukatar miliyoyi: fasa ƙofa ta biyu, randa mai murfi da famfo, sabulu, dasa bedi don inuwa, matsar da masu tuya nesa da aji, ƙa'idar cewa ba a kulle ƙofa da kwaɗo in yara na ciki. Fada ɗaya ta samari na iya gama rabin wannan a Asabar ɗaya.

Abin da ya fi ƙarfin unguwa kuma, kamar gina aji na bulo da turo ƙarin malamai, nauyin hukuma ne, kuma sai an bi shi. A rubuta takarda, iyaye su sa hannu, a kai ma diraktar, a kai inspeksiyo, a kai ma'aikatar magajin gari, a ajiye kwafi, a koma bayan wata ɗaya a tambayi inda aka kwana. A yi da ladabi, amma kada a gaji. Kada kuma mu mayar da malamai abokan gaba. Da yawansu ƴan kwantaragi ne masu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma ya makara. Madam da ke fama da aji cunkus ita ce ta fi kowa son a gyara. A ja ta a jiki.

Wanda kuma ɗansa bai samu wuri ba, kada ya ɗauka an gama da shi. A yi masa tatsuniya da dare a ce ya maimaita. A yi kacici-kacici. A sa shi ƙirga tumatir in an dawo kasuwa, ya faɗi launin zannuwa a kan igiya, ya yi zane a ƙasa da tsinke. In ya dame ku da "don me?", a amsa masa. Kakar da ba ta taɓa shiga lakwal ba na iya ba jikanta abin da wata makarantar mai tsada ba ta bayarwa.

Ga roƙona gare ku kafin rantire. Kowa ya zaɓi jardan ɗaya a unguwarsu, ko ta ƙanensa ce, ko ta ɗan maƙwabci. Ku je ku biyu ko uku, ku yi sallama, ku nemi izinin diraktar, ku duba ƙofa, rufi, ruwa, makewayi, yawan yara da abin da ke kan teburin madam. Kada ku ɗauki hoton yaran mutane ku watsa. Abin da kuka gani mai kyau ku yaba, ku faɗa ma iyaye. Abin da ke da haɗari ku kai gaban COGES tun yara ba su shiga ba. In an gama wannan, sai a zauna a yi maganar nawa ne.

Allah ya raya mana su, ya tsare su a tafiya da dawowa. Ku tura ma duk wanda zai kai yaro jardan bana.